Sharar da Ba a Yi Ba

"Aikin wata uku, da hannuna na goge!" Oga ya ɗora hannu a ka. Gobe za a miƙa wa masu ita manhajar kwamfutar da ya goge.

Mai kula da rumbun fayiloli ta ja kujera gaban kwamfuta. A rumbun nan, abin da aka goge yakan maƙale cikin wani ƙunshi na tsofaffin fayiloli har ranar da aka share rumbun. Ta sake gina jerin abubuwan da ke cikin ƙunshin, ta leƙa.

"Ga shi! Wallahi ko layi ɗaya bai ɓata ba!"

Ofis ya kaure da ihu. Oga ya tsaya cak.

"Ba sau uku na ce ki share rumbun nan ba?"

"Yallaɓai, mantawa na yi."

"Allah ya ƙara miki mantuwa!"