Marta Har Tsufa

Mijina Filibus na jirana a ƙofar asibiti, jingine da babur ɗinsa Besfa da ya saya da kuɗin ƙarin albashi na Udoji, ƙurar kamfanin siminti na Kalambaina a gashinsa.

"Me likita ya ce?"

"Shimfiɗar mahaifata ta ƙi kauri. An yi ƙwayoyi, an yi allura. Ciki ba zai zauna ba." Na faɗa kamar labarin wata. "Ka mai da ni gidanmu. Da digirina da komai, Mamarka kullum tambaya take, wai ni Maman wa za a kira ni tunda ban haihu ba?"

Ya daɗe yana kallon tabon allura a hannuna.

"Sai a kira ki Marta har ki tsufa. Hau mu tafi."

Ban ji daɗi ba, ban ji ciwo ba. Na hau, na riƙe rigarsa.