Niƙabin Aro

Ƙwayar ta maƙale wa Yelwa a maƙogwaro. Ƙatuwa ce, fara fat kamar alli. Ta kora da koko, ta sake korawa, can cikinta ya juya ta amayar da komai a bayan ɗaki. Ƙaiƙayin kuwa yana nan daram.

Tun kafin azumi yake cin ta a gaba, wurin da babbar mace ba ta iya sosawa a gaban mutane, ga farin ruwa mai kauri da ya ƙi ɗaukewa. Sallah ma a gaggauce take yin ta. Ta zauna a ruwan bagaruwa har ta gaji. Ta je Tsafe wurin yayarta Asabe ta karɓo jiƙo, ta sha har bakinta ya yi ɗaci, a banza. Daga ƙarshe ta hau mota zuwa Gusau, inda babu wanda ya san ta, ta shiga wani kyamis a Tudun Wada. Namiji ta tarar. Ta yi masa maganar ƙasa-ƙasa, ya miƙo kwali, ta fice da sauri kafin ya gama buɗe baki. Abin da ta haɗiya ke nan.

Alhali ga ƙaramin asibiti a bayan layinsu a Bungudu. Sai dai ɗakin mata a hannun Malama Nusaiba yake, ma'aikaciyar jinyar da ta tashi a Tsafe, aiki ya dawo da ita. Kowa na yabon hannunta. Amma duk unguwa an san Yelwa ba ta yi mata magana. Idan suka haɗu a gidan biki, Yelwa kan kau da kai. Idan Nusaiba ta durƙusa ta gaishe ta, da ƙyar take cewa lafiya, idonta a kan bango. To a ce yau ita ce za ta kwashi wannan zance ta kai mata? Gara ƙasa ta tsage.

Ranar da ƙaiƙayin ya sa ta yanke sallar azahar tana hawaye, ta san hanya ta ƙare mata. Ta ari hijabi da niƙabin maƙwabciyarta, ta zura silifas ɗinta kore na ƙaramar sallah, ta bi bayan gari.

Ta zauna a layi zufa na bin bayanta. Ta yi ta niyyar gudu, ciwon yana zaunar da ita. Da aka zo kanta ta tuɓe takalma a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ta shiga ta ce sunanta Sa'adiya, daga Ruwan Bore, da wata siririyar murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

“Hajiya, mi ke damunki?” in ji Nusaiba, idonta a kan tebur.

Yelwa ta faɗa guntu-guntu, ta ciro kwalin daga lalita. Da ta ce haɗiya ta yi, ta jira dariya. Ba a yi ba. Nusaiba ta tambaye ta kalar ruwan da ko yana wari, sannan ta yi mata bayani tiryan-tiryan, kamar yadda take yi wa kowace baƙuwa: maganin daidai ne, amma ba na sha ba ne, na cusawa ne. A wanke hannu, a kwanta, a tura ƙwaya guda can ciki da yatsa lokacin barci, a ci gaba har kwalin ya ƙare ko da ƙaiƙayin ya lafa. A bar zaman bagaruwa. Ta ce kuma a auna mata suga, don yakan jawo irin wannan ga manya. Ba ta nemi a ɗage niƙabi ba. Ko sau ɗaya ba ta ɗago kai ba.

“Ba abin kunya ba ne, Hajiya. Allah shi ba da lahiya.”

Nusaiba ta riga ta miƙewa, ta leƙa waje wai za ta kira ta gaba, ta ɗan sunkuya a bakin ƙofa, ta dawo ta zauna.

Yelwa ta fito zuciyarta wasai. Ta tsira! Ta san yadda za ta yi da maganin, asirinta a rufe. Sai ta duba ƙasa. Cikin tarin takalman matan da ke layi, an zaro nata kore, an jera su suna kallon hanya, yadda ake yi wa babba.

Ta tsaya tana kallon su. Ta ari hijabi, ta ari niƙabi, ta ari suna da murya, amma ta taho da takalman da Nusaiba ta aiko mata da su da sallah, Nusaiba ɗiyarta ta fari, wadda kunya ta hana ta kama sunanta tun ranar da ta haife ta.