Inda Na Dangwala

Ko ledar katifar ban cire ba mai karɓar bashi ya yi sallama.

"Ɗan nan, ka ɓata hanya," na ce. "Na gama da ku tun watan jiya."

Shekara shida ina wanki da guga a gidajen mutane, ina biyan rancen da na ci na gyara rufin ɗaki. Hannuwana sun tsage, bayana ya sankare. Ranar da na kai kuɗin ƙarshe ko murna ban iya yi ba don gajiya. Kasuwa na wuce na sayi katifa mai kauri, tawa ni kaɗai, ban shawarci kowa ba.

Ya zaro takarda. "Mama, wannan ba yatsanki ba ne?"

"Nawa ne. Shaidar gama biya ce."

"Sabon rance ne. Ya ninka wancan."

Na ja mayafi na bi shi har ofishinsu, na buga tebur. Na ce ban yi boko ba, amma ni ba sakarya ba ce. A fito min da ɓarawon da ya cuce ni, ko kotu ta raba mu.

Manajan ya bari na gama.

"Ba ma karɓar dangwale sai an karanta wa mutum, Mama. Wa ya karanta miki ranar?"

Sai na nemi kujera na zauna.

Autana ne. Har riƙe min yatsan ya yi, don kada tawada ta ɓata min zane.