Mota Mai Ɗaukar Waya Biyu

Ya tsayar da motar a ƙofar gidansu, ya sake ɗauko maganar aurensu. Ita kuwa allon motar ta zuba wa ido. Kullum ta zo haɗa wayarta sai motar ta ƙi, wai waya biyu kawai take ɗauka: tasa da ta marigayiya matarsa.

"Malam, goge ɗaya ka sa tawa."

Ya kai yatsa kan sunan marigayiyar, sai ya janye.

"Ki ƙara haƙuri. Bakanike ya ce in an sabunta manhajar, za ta ɗauki uku."

Ta yi murmushin takaici, ta gyara mayafinta.

"Allah ya jiƙanta. Amma ni ba zan zauna jiran kamfani ya buɗa mini wuri ba."

Ta fita, ta rufe ƙofar a hankali.