Rai Uku a Komadugu

Yagana shekararta ashirin da huɗu, malama ce a lakwal, wato makarantar firamare ta Gagamari, kuma saura wata guda a ɗaura aurenta da Tahir. Wata rana ya zo zance yana ta murna, ya miƙa mata salula ta ga wasan da ya shekara yana haɗawa. Wani manomi ne mai jar hula yake tsalle daga kwalekwale zuwa kwalekwale a kogin Komadugu, buhun tattasai a kafaɗa, harsasai na bin sa.

Ta danna. Manomin ya faɗa ruwa, sai ga shi ya taso garau.

"Mene ne wannan?"

"Rai uku gare shi. In ɗaya ne, wasan zai yi tsauri, mutane su watsar."

A wannan kogin aka harbe mahaifinta. Ita da bakinta ta ba Tahir labarin, har da jar hular.

"Baba rai nawa aka ba shi, Tahir?"

Ya sunkuyar da kai. "Don a tuna da shi na yi."

"To ka mayar da shi ɗaya, ko ka ce wa kawunnanka kada su kawo goro."

"Haba Yagana! Da rai ɗaya ba wanda zai kai gaɓa."

"Shi ma bai kai ba."

Ta kife salular a kan tabarma, ta shige gida.