Waken da Ba a Jiƙa Ba

Tun da aka ƙero madubin da ke dawo wa mutum da tsohuwar rana ya buga ta kamar wasa, Inna Kande rana ɗaya take kunnawa: ranar da maigidanta ya hau motar da ba ta kai Zariya ba.

'Yarta Barira ta ce, "Inna, ko me kika zaɓa a wasan nan, sai Baba ya tafi."

"Na sani. Amma in na ba shi koko, a tsaye yake sha. In na ɗora wake, zama yake yi ya jira."

Ta zaɓi wake. A cikin madubin ya ajiye jakarsa, ya zauna kan tabarma, ya dube ta yana murmushi.

"Yau ma ba ki jiƙa waken ba, Kande?"