Hannun da Ke Cikin Aljihu

Mutumin ya sake shigowa shagon kayan kiɗan, hannunsa na dama a aljihun jaket kamar kullum. Tsinke ya ajiye tsumman goge-goge ya gyara tsayuwa.

Tun watan jiya da wata ƙaramar kwantirola, na'urar da DJ ke haɗa kiɗa da ita, ta yi ƙafa daga kan kantar shagon, Kawu mai shago ya ja wa Tsinke kunne a gaban kowa: ko allura ce ta sake ɓata, ɗan 'yar'uwa ko ba ɗan 'yar'uwa ba, ya nemi wani wurin cin abinci. Ga Tsinke da mata, ga jariri. Daga ranar duk wanda ya shigo shagon ɓarawo ne a idonsa, sai in ya biya ya fita.

Wannan kuwa bai taɓa biyan komai ba.

Ran da ya fara zuwa ya ce yana neman kwantirolar da ta dace da sikirachin, wato gurza faifai gaba da baya har kiɗa ya riƙa magana. Nan fa aka taɓo wa Tsinke inda yake masa ƙaiƙayi. Ya kai shi gaban manya-manyan, ya yi ta zuba: faya-fayan su zama masu faɗi, masu amsa hannu nan take, feda kuma, ɗan makunnin nan da ake ja hagu da dama don yanke sauti, ta zama mai santsi, ko hura ta ka yi ta tafi. Hannu ɗaya a faifai, ɗaya a feda, haka sana'ar take.

Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya wuce wurin ƙanana.

Ƙanana! Wane mai sikirachin ne zai bar faifai mai faɗi ya je ga waɗannan 'yan mitsi-mitsin? Amfaninsu ɗaya Tsinke ya sani: suna shiga ƙarƙashin jaket.

Mutumin bai tsaya nan ba. Bai nemi a kunna masa ko ɗaya ba, bai tambayi farashi ba. Sai ya ware yatsun hagunsa a kan na'ura, babban yatsa a feda, sauran suna miƙewa wajen faifai, ya girgiza kai ya matsa ta gaba. Awo yake yi, ƙiri-ƙiri. Tsinke ya dubi faɗin jaket ɗin, ya dubi na'urar, lissafi ya fita daidai.

Abin da ya ƙara ɓata shi a wurin Tsinke shi ne da ya ce a rage kiɗan da ke tashi a shagon. Kiɗan Tartsatsi ne fa! Gwanin da Tsinke ya koyi gurzar faifai ta kallon bidiyonsa, wanda bai taɓa nuna fuska ba, hannuwansa kawai kyamara ke ɗauka, na daman da zoben azurfa yana rawa a kan feda kamar ba ƙashi a ciki. Tun bara aka daina jin ɗuriyarsa. Wasu su ce ya bar ƙasar, wasu su ce ya tuba da kiɗa. Tsinke kan yi cika baki cewa ko cikin taron kasuwa aka ɗaga wannan hannun zai gane shi. Mutumin da kunnensa ba ya ɗaukar Tartsatsi, me ya kawo shi sayen kayan sikirachin?

Yau Tsinke bai rage kiɗan Tartsatsin ba, ƙarawa ma ya yi. Ya yi kamar yana jera wayoyi, yana leƙen mutumin ta gilashin kanta.

Mutumin ya tsaya gaban wata 'yar ƙarama da aka kawo a makon, wadda fedarta ke maƙale da gefen faifai. Ya ware yatsu. A karon farko bai girgiza kai ba. Ya daɗe a haka. Ya waiga hagu, ya waiga dama, sannan ya sunkuya, ya matso da jikinsa har gefen jaket ɗin ya rufe na'urar, aljihun dama ya motsa.

Tsinke bai san lokacin da ya tsallake kanta ba.

"Kawu, ga shi! Fito da abin da ka sa a aljihu, malam!"

Ya cafki damtsen ya fizgo da ƙarfinsa duka. Masu saye suka juyo, Kawu ya fito daga ciki da kofin shayi.

Hannun ya fito ba nauyi. Daga wuyan hannu babu komai, sai dungu da aka naɗe da safa. Na'urar na nan inda take.

Kiɗan na ci gaba da tashi. Kunya ta rufe Tsinke, ya rasa ma yadda zai saki abin da ya riƙe.

"Ka yi haƙuri, yayana," in ji Tsinke. "Na ga kana ta aune-aune ne."

"Wadda hannu ɗaya zai kamo faifai da feda tare nake nema," in ji mutumin, ba tare da fushi ba. "Ga ta na samu. A naɗe min."

Ya mayar da dungun aljihu a hankali, ya ɗaga kai wajen sifikar da ke ta amo a saman ƙofa, idonsa ya kawo ruwa.

"Amma don Allah, ƙanena, kashe wannan kiɗan. Lokacin da na yi shi, hannuna biyu ne."